Babi na Biyar: Mai Wa'azi a Hanyoyin Fadamar Haɗeja

"Wai shi fasto, in ya gama wa'azin Lahadi, me yake yi a sauran kwana shidan?"

Ana jin wannan tambaya a teburin mai shayi, ana jin ta a tasha. Maƙwabci Musulmi yana yin ta, har wasu 'yan ikilisiya ma suna yin ta a zuciya ko da ba su furta ba. Kuma tambaya ce mai dalili. Manomi ana ganin gonarsa, masunci ana ganin komarsa, tela ana jin ƙarar kekensa tun daga bakin layi. Shi kuwa mai wa'azi, abin da jama'a suka fi sani nasa shi ne tsayuwar minti arba'in a gaban majami'a, sanye da wankakkiyar riga, Littafi Mai Tsarki a buɗe a gabansa.

A ƙasar Haɗeja, wanda yake son amsa sai ya duba tayar babur ɗin fasto, ya duba ƙurar da ke bakin wandonsa da rani da taɓon da ke takalminsa da damina. Yawancin kwanakinsa a hanya yake yin su. Kafin a gane dalili, sai an fara sanin su wane ne mutanen da yake bi, da inda suke zaune.

Garke a warwatse

Masarautar Haɗeja ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8 na Jihar Jigawa: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Ƙasa ce ta Musulmi tun ƙarni da yawa, ƙasar Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa. Kiristocin da ke cikinta 'yan kaɗan ne, kuma ba a unguwa ɗaya suke ba.

Akwai ɗan kasuwa Ibo mai shagon kayan gyaran mota ko na magani, wanda ya shekara talatin a garin, 'ya'yansa sun fi jin Hausa bisa harshen iyayensu. Akwai ɗan sanda da aka yi wa canjin wurin aiki daga Filato, da ma'aikaciyar jinya 'yar Kudancin Kaduna, da malamin makaranta daga ƙasar Tangale, da 'yan bautar ƙasa da suke zuwa shekara ɗaya su wuce. Akwai 'yan cin rani da ke zuwa aikin shinkafa da tattasai a fadama. Akwai kuma Hausawa Kiristoci 'yan ƙasa, waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka karɓi addinin a zamanin 'yan mishan.

A Jos ko Kafancan, fasto yana iya kewaye rabin mutanensa da ƙafa kafin rana ta take. A nan kuwa gida biyu ne a wannan gari, mutum biyar a barikin 'yan sandan wancan, sai wata tsohuwa ita kaɗai a ƙauyen da ke bayan rafi. Kamar makiyayi ne da shanunsa suka rarrabu a burtali daban-daban: ba zai tsaya wuri ɗaya ya yi kira su taru ba, dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma babu wanda maganar ta fi shafa kamar mai bishara a wannan yanki.

Sawun waɗanda suka riga shi

Wannan yawo yana da tarihi. A 1893 samari uku, Rolan Bingam da Walta Gowans da Tomas Kent, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa. Cikin shekara guda biyu daga cikinsu suka rasu, Bingam kaɗai ya rage, kuma daga wannan yunƙuri ƙungiyar mishan ta SIM ta samo asali. A 1900 wata tawagar mishan ta CMS ƙarƙashin Bishop Tugwel ta isa Kano, Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Ko bayan da Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi a 1906, yaƙin da Sarki Muhammadu ya rasu a cikinsa, gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi, saboda alkawarin da ta yi wa sarakuna cewa ba za ta taɓa addininsu ba.

Sai a shekarun 1930 ƙofa ta fara buɗewa, kuma ta hanyar magani ta buɗe. SIM ta karɓi aikin kula da kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, sannan ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, wadda aka kammala a 1930, ta ratsa ta Malam Madori, kuma a wannan ɓangare mishan ta kafa tashoshinta, a Malam Madori da Garun Gabas. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walta Mila na Zariya ya yi ƙoƙari ƙwarai a kansa.

Cikin masu wa'azin wancan zamani, tsofaffi sun fi tunawa da Dakta Andiru Stirret, ɗan Kanada da ya zo Nijeriya a 1902, wanda Hausawa suka laƙaba wa Bature Mai Magani. Ya yi suna wajen bin kasuwanni da zangon fatake yana wa'azi da Hausa, har ya rasu a 1948. A wannan shekarar ce aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa, wadda yau ake kira EMS, kuma a 1954 ikilisiyoyin SIM suka zama ECWA. Daga nan tafiyar ta koma hannun 'yan ƙasa. Baturen da ke sauka daga jirgi ya hau doki ya wuce. Wanda ya gaje shi baƙar fata ne a kan keke, wanda ya gaji mai keke kuma shi ne mai babur na yau.

Yanzu ba ECWA kaɗai ke nan ba. Akwai Angilika, wadda Dayosis ɗinta na Dutse ya kafu a 1996, akwai Katolika ƙarƙashin Dayosis na Kano, akwai Baftis da ikilisiyoyin Fentikos. Tsarinsu ya bambanta, amma hanyar da ma'aikatansu ke bi ɗaya ce.

Daga asuba zuwa dare

A ɗauki mai bishara guda, irin wanda ake samu a garin da ke bakin fadama, a bi shi kwana ɗaya a tsakiyar mako.

Kiran sallar asuba daga masallacin unguwa shi ne agogonsa. Yana tashi ya yi addu'ar safe da iyalinsa, ko da mutum huɗu biyar da suka zo majami'a kafin su tafi aiki. Ya sha koko da ƙosai, ya duba man babur, ya ɗaure jaka a baya. A cikin jakar akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya sha gyara, da Littafin Waƙoƙi, da littafin rubutu mai sunayen 'yan ikilisiya gida gida, da tocila, da gorar ruwa, da ledar da zai naɗe littattafan in hadari ya taso.

Zangon farko asibiti ne. Matar wani ɗan ikilisiya ta haihu da tiyata, mijin yana bakin aiki a wata jiha. Fasto ya gaishe ta, ya yi addu'a, sannan ya tambayi abin da ba kowa zai tambaya ba: an sayi maganin da likita ya rubuta? Wa ke kawo abinci? In ba a saya ba, shi zai buga waya wa ma'ajin ikilisiya, ko ya sa hannu a aljihunsa. Kafin ya fita yakan tsaya a gadon da ke kusa ya ce, "Sannu, Malam, yaya jiki? Allah ya ba da lafiya," ko da bai taɓa ganin mai gadon ba.

Daga nan sai ƙauye. Ya bar kwalta ya shiga yashi, inda babur ke rawa, ƙafafunsa biyu a ƙasa yana tokarawa. A gidan tsohuwar nan za a shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, a kawo ruwa a kwanon sha. "Sannu da zuwa, Baba Fasto, ka sha hanya." "Yauwa, Mama, ina gajiya? Yaya ƙafar?" Idonta ya daina ganin rubutu, don haka shi zai karanta mata Zabura, su rera waƙa ɗaya tare, muryarta tana rawa amma ba ta ɓata baiti. Minti talatin ke nan, bayan tafiyar awa ɗaya da rabi. Ita kuwa wannan minti talatin ita ce sujadarta ta wata guda.

A hanyar dawowa zai biya ta gidan da miji da mata suka kwana uku ba sa magana. Wannan zama ba ya karɓar gaggawa. Sai ya ji ta bakin kowa, ya bar mai kuka ta gama kukanta, ya bar mai fushi ya huce, kafin ya ce uffan. Da la'asar akwai ajin masu shirin baftisma, ko nazarin Littafi Mai Tsarki, ko zaman dattawan ikilisiya a kan rufin majami'a da ke yoyo. Da dare, in wuta ta ɗauke, da hasken tocila ko na waya zai zauna shirya wa'azin Lahadi. Wayar kuma ba ta da lokacin barci: naƙuda, hatsari a hanya, ɗan ikilisiya da aka tsare a caji ofis ana neman mai tsaya masa.

In rasuwa aka yi, mako gaba ɗaya ya tafi. Yawancin mutanensa baƙi ne, danginsu suna so a kai gawa gida. Fasto zai shiga motar ya raka ta Jos, ko Zankuwa, ko har ƙasar Ibo, ya miƙa ta ga dangi, ya tsaya a binne, sannan ya kamo hanya don kada Lahadi ta same shi a waje. Ga kuma tarurrukan gunduma da na ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Dutse ko Kano, alhali daga Haɗeja zuwa Kano kaɗai tafiyar kimanin kilomita 200 ce.

Kogi ne ke tsara tafiyar

A wasu wurare kalandar mai wa'azi Kirsimeti ce da Ista. A nan akwai wata kalanda a kan waccan, ita ce ta Kogin Haɗeja.

Kogin yana tasowa daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa. Da ya wuce Haɗeja sai ya rarrabu cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wani reshe ya nufi Nguru, wani ya je ya gamu da Kogin Jama'are, ruwan ya zama Kogin Yobe da ke gangarawa Tafkin Chadi. Madatsar Tiga da aka gina a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992 sun canza halinsa. Da can kogin yakan cika da damina ya janye da rani. Yanzu da ake sako ruwa har da rani, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Idan ruwa ya zo da yawa bai samu hanyarsa ba, sai ya bi ta gonaki da gidaje. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma ba su manta ambaliyar 2020 da ta 2022 ba.

Daga Agusta zuwa Satumba, ƙauyen da babur ke kaiwa cikin minti arba'in da rani yana iya zama tafiyar rabin yini. Fasto zai zo inda hanya ta nutse, ya naɗe wando, ya jira kwalekwale. Mutum biyu za su kama masa babur, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a kwantar da shi a tsakiyar jirgin, a biya kuɗin mutum da kuɗin babur. Yana zaune a gefe da jakarsa a ƙirji, mai jirgi yana tura gora cikin kacala, kan dawar da ruwa ya shanye yana leƙowa a dama da hagu. A wancan gaci gaisuwar ma ta canza: "Yaya ruwa?" ake cewa, a amsa, "Ruwa ya yi gyara," ko da katangar mai amsawar ta faɗi jiya.

A irin wannan lokaci aikinsa ya koma neman buhun masara da tabarmi da gidan sauro, da rubuta sunayen waɗanda ɗakunansu suka rushe don a aika wa hedikwata. Ruwa ba ya tambayar addinin mai gida, don haka makarantar firamaren da aka tsugunar da mutane tana ɗauke da kowa, kuma mai rabon da ya san aikinsa ba ya tsallake tabarmar kowa.

Da ruwa ya janye sai kaka, lokacin sujadar godiya, inda ake shigo da damin gero da buhun shinkafa da kaji har gaban majami'a. Sai hunturu, ya fita da safe da rawani a fuska saboda ƙura da sanyin babur. Sai bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, tafiya ta koma ta sassafe da ta yamma. Da rani ne kuma 'yan cin rani ke cika fadama, sai garkensa ya ƙaru da mutanen da ke kwana a bukkoki a bakin gonar tattasai.

Ranar da kowa ke gani

Lahadi ma ba zama ba ce. A inda ma'aikata suka yi kaɗan, mutum ɗaya yana iya yin sujadar Turanci da sassafe, ya yi ta Hausa da hantsi, sannan ya hau babur zuwa ƙaramar majami'ar da ba ta da mai bishara, inda mutum goma sha biyu ke jiransa a ɗaki mai rufin kwano. In ba a raba sujadar ba, sai ya yi da tafinta, ko ya riƙa juya maganar da kansa daga wannan harshe zuwa wancan.

A nan ne tafiyar mako ke nuna amfaninta. Wanda ya zauna a tabarmar mutane ya san wa ruwa ya ci wa gona, wa ke bin wani bashi, wace ce ta yi ɓari ba ta faɗa wa kowa ba. Ba zai ambaci suna ba, amma in ya ɗauko labarin mai shuka, ko na masuntan Galili da suka kwana suna jefa taru ba su kama komai ba, masu sauraro sun san da su yake, domin rabinsu daga gona ko bakin ruwa suka fito.

Masu tarihin ikilisiya suna yawan ambaton Jon Wesli na Ingila, wanda ya yi ta yawo a kan doki a ƙarni na 18, har aka ƙiyasta wa'azinsa ya kai 40,000. Mai bisharar fadama ba ya tara dubban mutane a fili kamar Wesli, amma dalilin hawan dokin da na hawan babur ɗaya ne: mutanen ba za su iya zuwa ba, sai a je musu.

Kuɗin mai daga ina?

Ƙaramar ikilisiya baikonta ƙarami ne. Abin da mutum ashirin suka sa a kwano ranar Lahadi, daga ciki za a fitar da rabon gunduma, a biya wuta, a ba ma'aikaci ɗan abin hannu. Masu bisharar EMS kuwa galibi wata ikilisiya ce ko wani iyali a nesa ke ɗaukar nauyinsu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace fita sai da lissafi: ziyara uku a haɗa su a hanya ɗaya, wadda za ta yiwu ta waya a yi ta waya.

Shi ya sa da wuya a samu mai bishara a karkara wanda ba ya noma. Yana da 'yar gonar gero ko riɗi, ko ya karɓi aron fili a fadama ya sa shinkafa. Matarsa tana kiwon awaki ko ɗinki. Suna da abin koyi a Manzo Bulus, wanda ya yi sana'ar ɗinkin tanti a Koranti yana wa'azi. Noman yana ciyar da gida, yana kuma sa maƙwabta su ɗauke shi nasu, domin wanda kuka yi kukan jan-baki tare ba baƙo ba ne.

Gaisuwa kafin komai

Sabon ma'aikacin da aka turo wannan ƙasa, darasin farko da na gaba da shi ke ba shi shi ne ya fara da ƙofar mai unguwa da ta dagaci. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne sabon faston da aka kawo, na zo gaisuwa." In an yi rasuwa a maƙwabta ya je ta'aziyya ya zauna a tabarma tare da kowa. In an yi suna ya je barka. Da Sallah a aiko masa da nama, da Kirsimeti matarsa ta aika da shinkafa da cincin gida gida.

Yana kuma koyon auna harshe. Ya san inda ake ɗaga murya da inda ake sassautawa, ya san maganar da ke gyara zama da wadda ke iya tayar da ƙura, yana kuma koya wa samarin ikilisiya, musamman baƙin da ba su san al'adar gari ba. Wannan zumunci da aka gina da ƙafa shi ne ke aiki ranar da wata 'yar rashin jituwa ta taso a kasuwa: dagacin da ya san fuskarsa zai aika a kira shi, a zauna a zaure a kashe maganar tun tana ƙarama.

Duk wannan yawo yana barin wata tambaya a baya. Sa'ad da fasto yake cikin kwalekwale ko a motar rakiyar gawa, wa ke karɓar baƙon da ya buga ƙofa, wa ke share majami'a, wa ke zama da mai jego, wa ke tara kuɗin asibitin da ya yi alkawari? Babi na gaba zai shiga gidan fasto ya zauna da matarsa, sannan ya bi ta zuwa taron Zumuntar Mata, inda ake kaɗa tulu da kacau-kacau, ake kuma ɗaukar kaso mai yawa na nauyin ikilisiya.